Abin da Aka Cire wa Mama

Mama tana da lambun rainon itatuwa a bakin titi, bayan wani gidan mai. Shekara da shekaru tana sayar da 'ya'yan mangwaro da lemo da gwaba a cikin baƙaƙen ledoji, kuma duk unguwar babu wanda ya kai ta iya yi wa itace aure, wato haɗa reshen wani a jikin wani. Mijinta ya rasu tun yara suna ƙanana, lambun nan ne ya yi musu makaranta. Babban ɗanta yana aiki a wani gari mai nisa, sai dai a ji shi a waya. Auta ce a kusa, malamar lissafi a sakandare, wadda aure bai kai ta ko'ina ba sai bayan layin gidan uwarta.

Auta ce ta fara lura Mama tana ramewa, ita ce kuma ta ja ta asibiti da faɗa. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka zura kyamara, daga ƙarshe aka ce ƙari ne a babban hanji, irin na ciwon daji, amma bai bazu ba. Tiyata za a yi.

Mama ba ta riƙe sunan mutum, sai dai ta raɗa masa nata. Likitan tiyatar, wani dattijo mai sanƙo da sanyin murya, ta sa masa Mai Wuƙa, kuma a gabansa take kiran sa haka yana dariya.

Ana gobe za a shiga da ita, wata matashiya mai farar riga da tabarau mai kauri ta shigo ɗakin da rana, ta gaishe su, ta ja kujera. Ta ce ita ba jinya take yi ba, bincike take yi tare da likitan.

"Idan an ciro ƙarin, Mama, dubawa ake yi a ƙone sauran. Mu roƙonmu a ba mu ɗan guntu, bai kai ƙwayar wake ba. Za mu raine shi a ɗakin gwaji, mu riƙa gwada magunguna a kansa maimakon a jikin mutum. Sannan duk zuwan da za ki yi ganin likita, zan ɗan tambaye ki barcinki da cin abincinki da yadda zuciyarki take. Ba dole ba ne. Ko kin yarda yau, ranar da kika ce kin fasa, an fasa."

Mama ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar Tabarau, abin da ya hana ni sakat kike roƙo? Ki samo leda ki kwashe shi duka, har tukuici zan ba ki."

Aka yi dariya, ta sa hannu.

Tiyata ta yi kyau. Mai Wuƙa ya fito ya ce wa Auta an cire shi tas, bai bar komai a baya ba, ba ma sai an ɗora ta a kan magani mai ƙarfi ba, sa ido kawai za a riƙa yi. Mama ta warke da saurin da ya ba ma'aikatan jinya mamaki. Ba a jima ba ta koma lambu, tana ban ruwa da ƙaramin gwangwani saboda an hana ta ɗaukar nauyi, tana tsokanar masu saye kamar da.

A zuwansu na biyu ganin likita, bayan an duba ɗinki, aka kai su wani ɗan ɗaki mai fanka da taga mai kallon wurin ajiye motoci. 'Yar Tabarau ta yi tambayoyinta. Barci lafiya, abinci lafiya, fargaba babu. Har sun miƙe za su tafi Mama ta juyo.

"Af, ina ɗan guntun naku? Ya ruɓe ko?"

Fuskar yarinyar ta washe. "Ruɓewa? Mama, ai naki ne zakaran ɗakin. Na wasu sai mun yi ta lallaɓawa, rabi ma mutuwa suke yi. Naki kuwa kafin mako ya zagayo ya cika faranti, sai mun raba shi biyu."

"Ya cika faranti?"

"Sosai ma."

"Wato yana da rai."

"Ƙwayoyinsa suna da rai, eh. Muna ajiye su a wani akwati mai ɗumi irin na jikin mutum, muna canza musu ruwan abinci."

"Kuna ba shi abinci," in ji Mama a hankali.

Auta ta ga hannun uwarta ya tafi kan cikinta, daidai wurin ɗinkin.

"Ni dai a lambu," Mama ta ce, "in na yanki reshe na dasa ya kama, ba wani itace daban ba ne. Shi ɗin ne dai, a wuri biyu."

"A'a Mama, ba haka abin yake ba," 'Yar Tabarau ta fara, amma Mama ta riga ta kama hanyar ƙofa.

Tun daga ranar barkwancin Mama ya ragu. Auta takan biyo ta lambu da safe kafin ta wuce makaranta, sai wani lokaci ta tarar da ita tsaye ƙiƙam tsakanin layukan ledoji, gwangwani a hannu, ruwa yana zuba a kan takalminta.

"Mama, lafiya?"

"Yanzu suke ba shi abinci. Ina ji kamar ana tsiyaya ruwan ɗumi a nan."

"Haba Mama. Hanji ne yake komawa wurinsa."

"To."

Ba kullum ba ne, wasu ranaku ne a mako, kuma ba ta cewa zafi. Auta ta mayar da ita wajen Mai Wuƙa. Aka sake hoto da jini, komai fes. Ya zaunar da Auta ya ce mata wannan ba baƙon abu ba ne. Wanda aka cire wa ciwon daji yakan zauna yana kasa kunne ga jikinsa, ko cikinsa ya yi ƙugi sai gabansa ya faɗi. Maganar da aka yi wa Mama ba tare da tauna ba ita ce ta ba tsoron nata siffa, kuma ya ja wa yarinyar kunne. Ya tura Mama wajen wata likita mai kula da damuwar marasa lafiya. Mama ta je ba musu, ta dawo ta ce matar kirki ce, ta iya sauraro, har shayi ta ba ta.

Wata Asabar da tsakar rana, ana zafin da ko kare ba ya barin inuwa, Auta ta kawo mata abinci lambu. Ba ta gan ta a kujerarta ba. Can ta hango ta a ƙarƙashin rumfar ragar da ake ajiye ƙananan dashe, a tsugune, ta lulluɓa da buhunan taki, haƙoranta suna haɗuwa kaf-kaf-kaf.

"Mama!"

"An kashe masa wuta," in ji Mama, leɓɓanta sun yi fari. "Auta, sanyi yake ji."

Auta ta taɓa goshinta, babu zazzaɓi. Ta tare mai tasi ta kai ta gida, ta jibga mata barguna, ta dafa shayi. Mama ta riƙe kofin da hannu biyu yana rawa, idonta a kan bango. Auta ta ce su tafi asibiti, ta ƙi. Haka suka wuni. Sai da rana ta yi sanyi, yara suka fara wasan ƙwallo a layi, kawai Mama ta ture bargo ta sauke ajiyar zuciya.

"To, sun kunna. Ina abincin nan da kika kawo?"

Ranar Litinin Auta ta nemi izini a makaranta ta tafi asibiti ranta a ɓace. Ta samu 'Yar Tabarau a baranda ɗauke da wani kwali.

"Kin ga abin da bakinki ya jawo? Abu ɗaya nake so ki yi mini. Ki kira ta ki ce mata abin nan ya mutu, a huta."

Ta ba ta labarin Asabar tun daga farko. Yarinyar ta ajiye kwalin a ƙasa. Ta cire tabarau ta yi ta gogewa da gefen rigarta, ta daɗe tana gogewa.

"Asabar ɗin nan da ta wuce?"

"Ita."

"Daga wane lokaci?"

"Tsakar rana har yamma lis. Me ya faru?"

"Wayar akwatin ɗumin ce ta ƙone ran Asabar," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba kowa a ɗakin. Sai da yamma na leƙo ɗaukar cajata na tarar ya yi sanyi, na kwashe farantan na mayar wani akwatin. Ban gaya wa kowa ba sai likita, shi ma yau da safe."

Wani mai tura gadon marasa lafiya ya zo wucewa, suka matsa masa.

"Dacewa ce kawai," in ji 'Yar Tabarau.

"Dacewa ce mana," in ji Auta. Babu wadda ta dubi 'yar'uwarta.

"Amma ba zan yi mata ƙarya ba, Anti. In tana so a zubar, bakinta kawai za ta buɗe. Haƙƙinta ne."

Auta ba ta faɗa wa Mama zancen wayar da ta ƙone ba. Ta dai same ta da yamma tana tsince ciyawa a ledoji, ta ce mata ta janye, a zubar da abin kowa ya samu lafiya. Ta yi zaton za ta yi murna. Sai Mama ta girgiza kai.

"In aka kashe shi ni ma na bi shi fa?"

"Mama, don Allah! Mai Wuƙa ya yanke shi ya raba ku. Me ya haɗa ki da shi kuma?"

"Allah kaɗai ya san tsawon zamansa a cikina. Jinina ya sha ya girma. Ke ma ai haka kika yi."

Auta ta miƙe tsaye. "Kada ki sake haɗa ni da wannan abin."

"Ban haɗa ku ba. Cewa na yi ban iya sa a kashe abin da yake jin sanyi ba."

Auta ta tafi gida tana hawaye, ta kira yayanta. Yaya ya ce a bi abin da likitoci suka ce, a dage da addu'a, shi aiki ya riƙe shi amma yana nan tafe ƙarshen wata. Ta kashe wayar tun bai gama ba.

Bayan 'yan kwanaki wayarta ta yi ƙara tana tsakiyar gyara takardun jarabawa. 'Yar Tabarau ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Anti, yi haƙuri, tambaya ɗaya. Ɗumin nan da Mama take ji, a makon nan da safe ta ji shi ko da yamma?"

Auta ta yi tunani. "Da yamma. Har na yi mamaki, da can da safe ne. Me ya sa?"

"Ba komai. A gaishe ta."

Ta katse. Auta ta zauna riƙe da jan biro, tana tunanin ko lokacin ba shi abinci aka sauya, ta kasa ci gaba da aikin.

Daga nan abin ya sauya salo. Mama ta fara cewa bakinta yana ɗanɗanon ƙarfe, kamar ta tsotsi ƙusa. Abinci ya fita ranta, in ta matsa wa kanta ta ci sai ya dawo. Ramar da ta cike ta sake buɗewa. Auta ba ta buƙaci a gaya mata cewa an fara gwajin magunguna a ɗakin binciken ba, amma da ta tambaya aka ce eh, an fara.

Mai Wuƙa ya daɗe yana shafa sanƙonsa bayan ya saurari Auta. Ya ce shi bai yarda faranti yana aika wa mutum saƙo ba, amma ya yarda matar da ya yi wa aiki mai kyau tana lalacewa a gabansa, wannan kuwa ba zai zuba ido ba.

"Abin da mutum bai gani ba ya fi girma a kansa," ya ce. "A kawo ta ta gan shi da idonta. In ta ga ɗigon ruwa ne a roba, wataƙila ta sake shi."

Aka sa rana. Ɗakin gwajin yana hawa na sama, ƙarshen wata doguwar baranda. Aka ba su fararen riguna da safar hannu, aka sa musu leda a takalma. Ciki sanyi ne da farin haske, ba taga, ga wani gunji mara yankewa da ke fita daga injuna. Mama ba ta jira an nuna mata ba. Akwatuna ne jere masu kama da firji, duk iri ɗaya, ta wuce na farko da na biyu ta tsaya gaban na ƙarshe.

'Yar Tabarau ta dubi Mai Wuƙa. Shi kuwa ya dubi ƙasa.

Ta buɗe, ta zaro wani faffaɗan farantin roba mai ƙananan ramuka, kowane rami da ruwa ja-ja a ciki. Ido ba ya ganin komai sai ɗan hazo a ƙasan ruwan. Ta ɗora a madubin da ke ƙara girman abu, ta daidaita, ta nuna wa Mama inda za ta sa ido.

Auta ma ta leƙa daga baya. Wasu ƙwallaye ne kamar kumfar sabulu, manya da ƙanana, sun manne da juna, kowanne da duhu a tsakiyarsa. Ba sa motsi. Duk da haka ta yi saurin janye idonta.

Mama ta daɗe a sunkuye. 'Yar Tabarau tana matsar da farantin daga rami zuwa rami.

"Wannan ba shi da lafiya," in ji Mama.

"Shi muka sa wa magani. Kin ga gefensa ya yayyage."

"Na sani." Ta ɗago. "Yana jin zafi?"

"Ba shi da jijiya, Mama, ba shi da ƙwaƙwalwa. Ba ya jin komai."

"To ni ce nake ji masa ke nan."

Ta sake sa ido, sannan ta yi tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"In kun bar shi, yaushe zai mutu don kansa?"

'Yar Tabarau ta waiwaya. Mai Wuƙa ya ɗaga mata kai alamar ta faɗi gaskiya.

"Ba ya tsufa kamar sauran naman jiki. In dai ana ba shi abinci ana raba shi, zai yi ta tafiya."

"Ya wuce ni."

"Zai iya."

"Ya wuce Auta."

Yarinyar ta gyaɗa kai.

Mama ta miƙe ta dafa tebur. "A kai ni makwancina a rufe, jama'a su watse, a bar wani sashena a nan sama yana cin abinci? A'a. Wannan kam ban yarda ba. Ku zubar. Amma a gabana."

A makon da ya biyo aka yi. Aka fito da farantan Mama duka, aka ciro wasu 'yan kwalabe daga wata tukunyar ƙarfe mai fitar da farin tururin sanyi, inda aka daskarar da ajiya. 'Yar Tabarau ta sa abin rufe hanci ta riƙa tsiyaya bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, rami bayan rami, ruwan ja-ja yana komawa fari. Wannan ne mafi kyawun abin da bincikenta ya samu, kowa a ɗakin ya sani. Auta ta riƙe wuyan hannun uwarta kamar mai rarrashi, alhali bugun jininta take saurare.

Bugun bai canza ba.

"Shi ke nan?" in ji Mama.

"Shi ke nan, Mama."

A cikin tasi ta juya fuska wajen taga ta yi ta kuka mara sauti. Auta ba ta hana ta ba. Da suka isa gida ta yi barci mai nauyi, ta tashi ta ce yunwa take ji.

Mama ta dawo Mama. Kumatu suka ciko, tsokana ta dawo, har ta ɗauki kwangilar dashen wata makaranta. Yaya ya zo ya gan ta ya ce dama shi ya san ba wani abu ba ne. Auta ta faɗa wa kanta cewa Mai Wuƙa ya yi gaskiya, zuciya ce, ta ga an zubar ta saki. Zancen Asabar da na kiran waya kuwa ta tura su can bayan ranta.

Aka ɗauki watanni haka. Sannan Auta ta fara lura Mama takan yi shiru a tsakiyar magana, ta karkata kai kamar wadda aka kira daga nesa. In ta tambaya sai ta ce ba komai, tsufa ne.

Wata rana da la'asar suna lambu, Auta tana taya ta cika ledoji da ƙasa, sai ga 'Yar Tabarau ta shigo ta ƙofar waya. Ba farar riga, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta gaishe su ta tsaya tana kallon 'ya'yan lemo kamar mai son saye.

"Zauna, 'yata," in ji Mama, ta tura mata bokiti a kife. "Nawa ne yanzu?"

"Me, Mama?"

"Farantan."

Yarinyar ta zauna. Ta dubi Auta, ta dubi Mama.

"Wallahi duk wanda ke da lambarki mun zubar. A gabanki aka yi."

"Ban ce kin yi ƙarya ba."

Sai ta ba su labari, tana yi tana murza yatsu. Bayan an zubar da na Mama, sai na sauran marasa lafiyar, waɗanda da ƙyar suke rayuwa, suka fara bunƙasa. Kowa ya yi murna, aka ɗauka sun gano dabarar raino ne. Sai lokacin tantancewa ya zo, gwajin da ake yi lokaci-lokaci a tabbatar kowane faranti na mai shi ne, kamar yadda ake duba zanen yatsa. Sakamako ya fito. Ta ce an yi kuskure, aka sake. Ya sake fitowa haka.

"Duk naki ne, Mama. Lambar wasu ce a kan murfi, amma abin da ke ciki naki ne. Akwai wani tsoho, akwai wata mai goyo, akwai wani direba. Nasu babu ko ɗaya. Naki ya shiga ya cinye wurin."

"Ta yaya?" in ji Auta.

"Yana faruwa, Anti, an san shi a aikinmu. Ɗigo ɗaya ya isa. Wataƙila ranar da waya ta ƙone, da na kwashe su a gurguje. Wataƙila a bakin wata kwalba. Wanda ya fi ƙarfi shi yake mamaye sauran. Ba wani abin al'ajabi ba ne." Ta faɗi ƙarshen a hankali, kamar kanta take gaya wa.

Mama ta kakkaɓe ƙasar hannunta. "Shi ya sa. Da can wuri ɗaya nake jin kaina. Kwanakin nan kuwa kamar ina kwance a ɗakuna da yawa."

Motoci suna ta wucewa a titi. Wani ya leƙo ya tambayi ko akwai gwanda, Auta ta ce ya dawo gobe.

"Mutanen nan sun sani?" in ji Mama.

"Za a sanar da su. Wasu ma sun rasu."

"Waɗanda ke raye ki ba su haƙuri. Ki ce ban aike shi ba."

Nan 'Yar Tabarau ta cire tabarau ta fashe da kuka. Ta ce tunda Mama ta janye, ba su da ikon riƙe ko ɗaya, kuma ko da suna da iko sakamakon ya riga ya lalace. Komai za a zubar, aikin shekaru. Mama ta matso ta dafa kanta ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta zaɓo ɗan lemo mai aure ta sa mata a leda, ta ce ta dasa inda rana take samu.

Aka rufe binciken. Mai Wuƙa ya kai rahoto gaban kwamitin asibitin bai ɓoye komai ba. Aka kwashe ɗakin, aka wanke akwatunan da magani, aka yi feshi, daga baya ma aka mayar da shi wurin ajiye karyayyun gadaje. 'Yar Tabarau ta koma koyarwa a wata kwaleji. Takan kira Mama jefi-jefi su gaisa, ba sa taɓa zancen. Mama ta daina yin shiru a tsakiyar magana, ko kuma ta koyi ɓoyewa, Auta ba ta iya rabewa ba.

Da shekara ta zagayo suka je duba na shekara. Ana gyara a ɓangaren da suka saba bi, aka nuna musu wata hanya ta sabon gini, inda ba su taɓa shiga ba. Suna tafe a wata baranda mai ƙofofi masu ruwan toka, Auta tana gaba tana neman matakala, sai ta ji takun uwarta ya tsaya.

Ta waiwaya. Mama tana tsaye gaban wata ƙofa a rufe, ta ɗora tafin hannunta a jiki.

"Mama, ba nan ba ne. Zo mu tafi."

Kafin ta ƙarasa aka buɗe ƙofar daga ciki. Wani mutum mai gemu da farar riga ya fito, bai san su ba, su ma ba su san shi ba. Sanyi da gunjin injuna suka biyo shi.

"Sannunku. Kun ɓata hanya ne?"

Mama ba shi take kallo ba, bayansa take kallo.

"Ɗana, ka duba farantin can ƙasa, na wajen bango. An manta da shi, ruwansa ya ƙare."

Mutumin ya yi murmushin rashin fahimta. "Na'am?"

"Yi haƙuri, Likita, matakala muke nema," in ji Auta, ta kama hannun uwarta ta ja. Ya nuna musu da yatsa, suka sauka.

Mai Wuƙa ya duba hoto da sakamakon jini ya ce komai fes, Mama ta fi shi lafiya, sai baɗi kuma. Mama ta ce in ya yi ritaya ya zo ta koya masa yi wa mangwaro aure, tunda dai hannunsa ya saba da yanka. Ya yi dariya har da buga tebur.

Da suka fito harabar asibitin rana ta take. Auta ta ɗaga kai ba da niyya ba. A barandar sabon ginin, can sama, mai gemun nan yana tsaye riƙe da farantin roba, yana bin mutanen da ke ƙasa da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani.

Auta ta sauke kai, ta sa uwarta a gefen da motoci suka kare ta, ta ɗaga wa mai tasi hannu. Ba ta tsaya jin inda ya nufa ba ta buɗe ƙofa.

"Wai saurin me kike yi?" in ji Mama tana gyara zama. "Ki ce masa ya tsaya a kanti, burodi ya ƙare a gida."